Fikof ɗin jitata ya cika zafi, ga shi aljihu babu nauyi

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa na wannan zaure. Shawara nake nema. Na sayi jitar lantarki ta hannu a Kano, mai siffar Les Paul ce amma ba ƙirar Gibson ba, da manyan fikof guda biyu, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiya yana ɗaukar sautinta. Jikinta lafiya lau, wuyanta a miƙe yake, kuma tana riƙe saiti. Damuwata ɗaya ce, ƙarfin fikof ɗin ya yi yawa. Ko geyin ɗin amfilifaya, makunnin ƙarfin shiga, yana kan 2, da na ɗan daki tsirkiya da ƙarfi sai sautin ya fashe ya koma gurnani irin na masu kiɗan rok. Ni kuwa kiɗan biki nake yi, ina bin mawaƙi tare da mai fiyano da mai kalangu. So nake kowace tsirkiya ta fito tas, irin yadda mutanen Agadas ke fitar da ita. In na rage folum na jikin jitar sai sautin ya dushe gaba ɗaya. Na tambayi kuɗin sababbin fikof, da aka juya dala zuwa naira sai ga shi ya haura abin da na sayi jitar. Don Allah akwai dabarar da talaka zai iya? Ina da biki Asabar ta sama.

Matashin Sabuwar Unguwa: Wa alaikumus salam. Abokina ka sayar da ita kawai ka nemi mai siffar Stratocaster. Wannan don rok aka ƙera ta, ba za ta taɓa ba ka abin da kake nema ba.

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. A'a ɗana, kada ka yi saurin rabuwa da jitar da wuyanta ke miƙe, a kayan hannu ba kullum ake dacewa da irinta ba. Kafin kowa ya rubuta maka magani bari mu san ciwon. Ka danne tsirkiya a kan firet na ƙarshe, wato ƙarfen kan wuya mafi kusa da jikin jita, ka duba ratar da ke tsakaninta da saman fikof. In ba ka da rula ka ɗauko katin ATM, kaurin kowane ɗaya 0.76 ne na milimita, ka gaya mini kati nawa ke shiga. Sannan in kana da mitar awon juriyar wuta, ko akwai mai gyaran waya kusa da kai, ka sa kebul a jitar, ka buɗe folum har ƙarshe, ka sa mitar a kan 20k, ka taɓa bakin jak, wato kan kebul ɗin, da tsinke ɗaya, jikinsa da ɗayan. Ka auna fikof na gindi daban, na kusa da wuya daban.

Ɗan Ƙofar Marusa: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Na duba yanzu. A na gindi kati ɗaya ne ke shiga, na biyu ya ƙi. A na wuya biyu suna shiga. Maƙwabcina ya ara mini mita: na gindi 15.6, na wuya 8.1.

Baba Mai Rediyo: To ka ga inda gizo ke saƙa. Fikof ɗinka na gindi mai ƙarfi ne tun asali, sannan wanda ya riƙe jitar kafin kai ya ɗaga shi har yana neman taɓa tsirkiya. Abin da ke ciki maganaɗisu ne da wayar jan ƙarfe da aka naɗe. Tsirkiya tana kaɗawa a cikin ƙarfin maganaɗisun, wayar tana mayar da kaɗawar wuta. Iya kusancin tsirkiya, iya yawan wutar da za ta fita. Kuma in ya matso da yawa maganaɗisun yana jan tsirkiyar, ba ya barin ta ta yi lilo yadda take so, shi ya sa wani lokaci za ka ji sautin yana mutuwa da wuri ko yana rawa kamar ba a saita ba.

Ka ɗauko sukundireba. Akwai noti biyu a gefen fikof, ɗaya ta wajen tsirkiya mai kauri, ɗaya ta wajen siririya. In fikof ɗin a rataye yake a jikin zoben roba, kamar yadda ake yi wa masu siffar Les Paul, juya notin hagu shi ke saukar da shi. In kuwa a jikin katako aka ɗaure shi kai tsaye, to dama za ka juya. Rabin zagaye za ka riƙa yi, ka kaɗa, ka saurara, ka ƙara. Ka kai shi kati uku ta wajen siririya, huɗu ta wajen mai kauri. Amma ka kula, kada ka yi ta kwancewa ba lissafi, notin zai fita daga zarensa, fikof ya faɗa ciki, sifirin ya yi tsalle ka neme shi ka rasa. Wannan aikin ko sisi ba zai ci maka ba.

Malamin Lantarki: Baba ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara bayani a kan lambobin nan don ɗan uwa ya san abin da ke hannunsa. Irin wannan fikof mai koyil biyu, wato naɗin waya biyu, Seth Lover ne ya ƙera wa kamfanin Gibson, ya fara fitowa a jikin Les Paul a 1957. Waɗancan na farko awonsu bai cika wuce 7 zuwa 8 da ɗoriya ba, kowane koyil naɗi wajen 5,000. Wato naka na wuya da ya nuna 8.1 yana kan tsarin da, ba shi da laifi. A 1972 DiMarzio ya fito da wanda ya kira Super Distortion, mai naɗi da yawa da maganaɗisun siramik, don masu rok su samu su tura amfilifaya har ta fashe da gangan. Daga nan kamfanoni suka bi, har masu yin jita mai araha, saboda yaro in ya gwada a shago ya ji ƙara sai ya ɗauka ita ce mai kyau. Naka na gindi wannan layin ya biyo. Ainihin awonsa ma wajen 16 ne, folum mai 500k da ke haɗe da shi ne ya ɗan rage karatun zuwa 15.6.

Sai dai kada a ɗauki lambar mita a matsayin ƙarfin sauti kai tsaye. In an yi naɗin da waya mai lamba 43, wadda ta fi mai lamba 42 siranta, karatun zai hau ko da naɗin bai ƙaru ba. Ƙarfin maganaɗisu ma mita ba ta ganin sa. Lambar tana nuna hanya ne kawai. Abin da yawan naɗi ke jawowa tabbas shi ne sautin tsakiya ya yi kauri, na sama ya ragu.

Injiniyan Sauti: Ni ban yarda a fara taɓa jita ba tukuna. Malam, ta ina kake shiga? Ina haɗa sauti a wuraren biki daga Katsina har Dutsin-ma da Jibiya, kuma mafi yawan masu jitar da ke kuka da fashewar sauti ba a jitarsu matsalar take ba, a wurin shiga take.

Ɗan Ƙofar Marusa: Oga, a gida ƙaramar amfilifaya gare ni mai rami biyu, an rubuta High a ɗaya, Low a ɗayan. A High nake sawa. A wurin biki kuma ta fedal nake bi, daga fedal zuwa miksa.

Injiniyan Sauti: Ka gani ko. Ramin Low ɗin nan saboda irin fikof ɗinka aka yi shi. A tsarin da Fender ya kafa, wanda amfilifaya da yawa suka kwaikwaya, rizista biyu ne masu 68k ke raba wutar biyu, rabi ne kawai ke shiga, wato ragin 6 dB. Zai ɗan rage kaifin sautin kaɗan, amma gwada shi kyauta ne. A wurin biki kuma ka tsaya kan mai miksa ya danna maka maɓallin rage ƙarfin shiga da aka rubuta PAD in akwai, ya sauke geyin na layinka, kai kuma ka daki tsirkiya iya ƙarfin da za ka daka in rawa ta yi zafi, ba a hankali ba. In jar fitila ta kama, a ƙara saukewa. Ka duba fedal ɗin ma, da yawansu suna da saitin ƙarfin shiga. In sauti ya fashe tun a bakin fedal, duk abin da za a yi a miksa aikin banza ne. Kuma kada ka taɓa yarda a sa jitarka kai tsaye a ramin layi na miksa. Jita tana son mashiga mai wajen 1M, ramin layi kuwa wajen 10k yake, zai shaƙe ta. Ko fedal, ko akwatin DI mai daidaita jita da miksa, ko ramin da aka rubuta Hi-Z.

Baba Mai Rediyo: Injiniya maganarka tana kan hanya, amma rata kati ɗaya ai ba ta da mai kare ta. Ko wace amfilifaya ya shiga sai ya sauke shi.

Injiniyan Sauti: Haka ne Baba, ban musa ba. Tsorona kada ya je ya farke wayoyi alhali rami kawai zai canza.

Zabiyar Daura: Salamu alaikum. Ni ba na kaɗa jita, waƙa nake yi, amma wannan magana ta shafe ni ƙwarai. Ƙanena, abin da ba ku sani ba ku masu jita, irin wannan sautin mai kauri daidai inda muryar mutum take yake zama. Ina tsaye ina jan baiti, amshi na jira, sai in ji jita ta cika wurin, ni kaina ba na jin abin da nake faɗa. Sai in ƙara ƙarfi, kafin a tashi maƙogwaro ya tafi. Uwar amarya kuwa ba jita ta zo ji ba, sunanta da na danginta take jira ta ji an kira. Wallahi mai jitar da ya san ya rage kansa ya fi mini wanda ya fi shi iya yatsu. Don haka ka dage da gyaran nan, Allah ya taimake ka.

Ɗan Ƙofar Marusa: Amin Anti, na gode. Mawaƙinmu ma abin da yake faɗa ke nan.

Mai Gyaran Waya IBB Way: Ni ga shawarata mai sauƙi. Ka sayi rizista 470k, mai zanen rawaya, shunayya, rawaya, ka liƙa ta da dalma tsakanin ƙafafun folum biyu na gefe. Folum ɗinka mai 500k zai koma kamar mai 250k. Na yi wa wani haka ya ji daɗi. Kuɗinta bai kai na katin waya ba.

Malamin Lantarki: Ɗan uwa, lissafinka daidai ne amma maganin ba na wannan ciwon ba ne. Sauke folum zuwa 250k ba ya rage ƙarfin fikof sai ɗan abin da kunne ba zai lura ba. Abin da yake yi shi ne ya danne kaifin sama. Shi ya sa Fender ke sa 250k a fikof mai koyil ɗaya, wanda da ma kaifi ya yi masa yawa, ake kuma sa 500k a mai koyil biyu. Mutumin nan kukansa sauti ya yi kauri ya dushe. In ka ƙara danne masa sama ai ka ƙara masa ciwo ne.

Mai Gyaran Waya IBB Way: Malam ni fa da hannuna na yi, kuma da kunnena na ji. Ba a allo na karanta ba.

Malamin Lantarki: Ban ƙaryata ka ba. Wanda ka yi wa, ina kyautata zaton nasa tsini ne ya yi yawa, mai soke kunne. Akwai masu siramik da ke haka. A wurinsa dabararka ita ce daidai. Zafi iri biyu ne ake kira da suna ɗaya, shi ya sa muke saɓani.

Baba Mai Rediyo: Ku dakata haka nan, mai jita ne zai raba gardamar. Ɗana, in ka kaɗa tsirkiya uku tare, soke maka kunne suke yi ko cakuɗewa suke yi ka kasa bambance su?

Ɗan Ƙofar Marusa: Cakuɗewa suke yi Baba. Babu tsini ko kaɗan.

Mai Gyaran Waya IBB Way: To in haka ne a bar rizistar.

Na Maraɗi: Sallama gare ku mutanen Katsina. Ina so in ce wani abu a kan kiɗan Agadas da ɗan uwa ya ambata, don mu nan muna ganin su kusa in sun sauko wasa. Galibinsu jita mai siffar Stratocaster suke riƙewa, mai fikof siriri, wannan gaskiya ne. Amma rabin sautin a hannu yake. Da yawansu da yatsa suke kaɗawa, babban yatsa yana riƙe da tsirkiyar sama tana amo, manuni yana zuba waƙar a ƙasa, hagu kuma yana ta bugun tsirkiya da saki. Ba su dukan jita. Kai ma in da abin kaɗawa mai kauri kake amfani, ka ajiye shi ka gwada siriri ko yatsa, ka matsa hannunka wajen gindi kaɗan. Sannan ka sa makunnin zaɓi a tsakiya, fikof biyu su yi aiki tare, ya fi kowane ɗaya shi kaɗai tsabta. In tsirkiyarka ta tsufa ka canza, tsohuwar tsirkiya ko a wace jita dushewa take yi.

Ɗan Ƙofar Marusa: Jama'a na dawo da rahoto. Na sauke na gindi zuwa kati uku da huɗu kamar yadda Baba ya ce, na koma ramin Low, na sa sababbin tsirkiyoyi. Wallahi bambancin a fili yake, fashewar ta ragu sosai, sai na daka da gangan take zuwa. Amma har yanzu na gindin yana da kauri, kuma maganar folum tana nan, ina sauke shi zuwa 7 sai haske ya ɗauke daga sautin.

Malamin Lantarki: Madalla. Maganar folum ɗin tana da dalili kuma tana da magani mai araha. Kebul ɗin da ke tsakanin jita da amfilifaya shi kansa yana aiki kamar ƙaramar kafasita, wajen 100 pF a kowace mita ɗaya ta tsawo. In folum yana buɗe duka abin bai cika damuwa ba. Da ka rage shi, sai juriyar folum ɗin ta haɗu da kafasitar kebul su zubar da sautin sama. Iya tsawon kebul, iya dushewa. Don haka in kebul ɗinka irin dogon nan ne na wurin biki, ka nemi gajere daga jita zuwa fedal, dogon ya tashi daga fedal zuwa miksa.

Sannan ka sayi kafasita da aka rubuta 102 a jikinta, wato 0.001 µF, da rizista 150k mai zanen ruwan ƙasa, kore, rawaya. Ka murɗe ƙafafunsu tare, gefe da gefe, ka liƙa ƙarshe ɗaya a ƙafar folum inda wayar fikof ke shiga, ɗayan a ƙafar tsakiya. Kada ka taɓa ƙafa ta uku da aka lanƙwasa aka liƙe a bayan folum, ita ce ta ƙasa. Aikin kafasitar shi ne ta ba sautin sama hanya ya wuce in ka rage. Daga nan za ka iya zama a 6 ko 7 duk daren, in an zo inda za ka yi kiɗa kai kaɗai ka buɗe. Ko a cikin mataccen rediyo za a samu kayan nan.

Baba Mai Rediyo: Akwai su a wurina cike da gwangwani. Amma tun da za ka buɗe murfin baya, ka duba mini wayar da ta fito daga fikof na gindi. Waya nawa ce a cikin rigar?

Ɗan Ƙofar Marusa: Na buɗe Baba. Huɗu ne masu launi, da wata tsirara ta biyar. Ɗaya ta tafi ƙafar folum, ɗaya da tsirarar an liƙe su a bayan folum, biyu kuma an haɗa bakinsu an naɗe da salatif an ajiye gefe.

Baba Mai Rediyo: Alhamdulillahi, ka yi sa'a. Waɗannan biyun da aka naɗe su ne maganin jitarka. Koyil biyu ne a ciki, kowane wajen 8k. Yanzu a jere suke, wuta ta bi na farko ta shiga na biyu, shi ya sa ka ga 16. In aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa sai karatun ya sauko wajen 4, ƙarfin ya ragu sosai, kaurin ya tafi, sautin ya yi haske, kuma ƙugin wuta ba zai shigo ba don koyil biyun duk suna aiki.

Kada ka bi launi, kowane kamfani da nasa. A na Seymour Duncan baƙa ce ke zuwa folum, a na DiMarzio ja ce, na masu araha kuwa sai abin da ka gani. Mita za ka bi. Ka ɗauki hoton yadda suke tukuna. Ka cire huɗun, ka raba biyun da aka haɗa. Ka sa tsinken mita a kan wadda ke ƙafar folum da, ka taɓa biyun nan ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ba ka 8 abokiyarta ce, koyil ɗinsu ɗaya, to ita za ka kai bayan folum wurin ƙasa. Ɗayar da ta rage, wadda ke karatu da wayar ƙasa, ita za ta hau ƙafar folum tare da ta farko. Ka gama ka auna a bakin jak. In ka ga wajen 4, aiki ya yi. Ayan ɗinka na narka dalma ya yi zafi sosai kafin ka taɓa bayan folum, ka yi sauri ka ɗaga, daɗewa a kai yana ƙona cikinsa.

Matashin Sabuwar Unguwa: Me zai hana ya kashe koyil ɗaya gaba ɗaya? Ya kai biyun nan ƙasa kawai, ya samu koyil ɗaya irin na Stratocaster.

Injiniyan Sauti: Kada ka soma. Kai a ɗaki kake kaɗawa, shi a filin biki yake. Janareta na gefe, ga fitilun ado, ga cajar waya ashirin a soket ɗaya. Koyil ɗaya duk sai ya kwaso ƙugin nan na 50 Hz ya zuba mini a sifika. Dalilin da aka ƙera mai koyil biyu tun farko ke nan, ɗaya ya soke ƙugin ɗayan. Haɗin da Baba ya faɗa ya riƙe wannan amfanin. Tun da an zo nan ma bari in faɗi abin da ke ci mini rai: masu cire ƙafar ƙasa ta fulogin amfilifaya wai don ƙugi ya tafi, ku ji tsoron Allah. Tsirkiyar jita a haɗe take da ƙasan amfilifaya. In wuta ta zube a ciki, hannunka na kan tsirkiya, leɓenka ya taɓa makirfo, ta jikinka za ta bi. A kafa wa janareta ƙarfen ƙasa, a bar fulogi yadda aka yi shi.

Mai Gyaran Waya IBB Way: Ni na taɓa jin ana warware naɗin, a rage masa waya har ya sauko 8 ko 9. Ba zai fi ba?

Baba Mai Rediyo: Ana yi, amma ba zan sa yaron nan ba. Wayar siririya ce kamar gashin kai, kaurinta wajen 0.06 na milimita. Yawanci kuma an tsoma koyil ɗin cikin kakin zuma da kyandir don kada ya yi kuka, to wayar a manne take. Ta tsinke a tsakiya, bakin ya ɓace, fikof ya mutu. Sannan sai ka rage koyil biyun kusan daidai, in ba haka ba ƙugi ya dawo. Haɗin da na faɗa kuwa in bai yi masa ba, minti goma ya mayar da shi yadda yake.

Malamin Lantarki: Haka ma canza maganaɗisu daga siramik zuwa alniko, yana sanyaya fikof ƙwarai, amma sai an yi odarsa daga waje, sai an kwance gindin fikof, kuma in aka juya fuskarsa sautin zai zama siriri marar daɗi in makunnin zaɓi yana tsakiya. A ajiye shi sai in sauran sun gaza.

Zabiyar Daura: Ƙanena yau Laraba fa. Ba a fafe gora ranar tafiya. In za ka yi, ka yi gobe ka gwada da mutanenka jibi, kada ka kai mana gwaji gaban amarya.

Ɗan Ƙofar Marusa: In sha Allahu Anti. Baba, gobe bayan Azahar zan shigo kasuwa da ita, gara a yi a gabanka.

Baba Mai Rediyo: Allah ya kai mu. Ka taho da kebul ɗinka da fedal ɗin.

Ɗan Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. An yi biki lafiya, ga yadda aka ƙare. Baba ya yi haɗin, mita ta nuna 4.0 a na gindi, ya sa kafasita 102 da rizistarta a folum duka biyu. Abin da ya biyo baya shi ne na gindin ya koma ƙasa da na wuya a ƙarfi, sai muka sake ɗaga shi zuwa kati biyu da uku, muka sauke na wuya zuwa huɗu, har suka yi daidai in na juya makunni. A wurin biki mai miksa bai ga jar fitila ba ko sau ɗaya, mawaƙinmu kuma ya ce a karon farko yana jin kansa ba tare da ya yi ihu ba. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya: na wuyan, in mai fiyano ya shiga da bes, tsirkiyoyina biyu masu kauri suna nutsewa a ciki.

Matashin Sabuwar Unguwa: Ina taya ka murna. Amma ka faɗi gaskiya, ta zama Stratocaster?

Ɗan Ƙofar Marusa: Ba ta zama ba. Tana da nata sautin, mai tsabta ne kuma ya ishe ni aiki.

Malamin Lantarki: Ba za ta zama ba ai, ko tsawon tsirkiyarsu ba ɗaya ba ne, Les Paul inci 24.75, Stratocaster 25.5. Game da na wuya, ka fara da notin gefen tsirkiya mai kauri, ka ƙara sauke shi shi kaɗai, sannan ka ɗan ɗaga ƙananan notocin da ke saman fikof a ƙarƙashin waɗannan tsirkiyoyi biyu, rabin zagaye. In bai isa ba, ka yanke wayar da ke zuwa ƙafar folum na wuya ka sa kafasita 472 a tsakani, wuta ta bi ta cikinta. Za ta rage abin da ke ƙasa da wajen 100 Hz, inda kuke karo da bes. In kana son ragi fiye da haka ka sa 222, ita tana kamawa tun daga wajen 200. Kamfanin G&L na Leo Fender ya daɗe yana sa irin wannan ragin a jitocinsa.

Na Maraɗi: Kuma in hunturu ya shigo ka sake aunawa da katin nan. Katakon wuya yana motsi in iska ta bushe, ratar da ka saita yau ba lallai ta zauna ba. Ka riƙa goge saman fikof da tsumma, ƙurar ƙarfe tana manne wa maganaɗisu.

Injiniyan Sauti: Kafin ka yanke waya, ka ce wa mai miksa ya danna maɓallin yanke ƙasa a layinka, wanda aka rubuta 80 ko 100 a gefensa. In ya wadatar a wurin biki ka huta.

Ɗan Ƙofar Marusa: Zan gwada na miksa a wasan Juma'a. Baba, kana da 472 ɗin ko in nema a Kano?

Baba Mai Rediyo: Akwai 472, akwai 222. Ka zo da ita Litinin da safe kafin shago ya cika, mu ɗana kowace da ɗan maƙali ka ji da kunnenka kafin a sa dalma.